Shatin yatsan Baba a duniyar Mars

Har yau ban yafe wa malaminmu na aji biyar ba. Shekarar fari ce, kuma Baba, mai haƙar rijiya, ya yi wata biyu yana haƙa a bayan makarantar ƙauyenmu ta ƙasar Gwaram, bai tarar da ruwa ba.

Wata rana da azahar malamin ya fito da mu gindin tsamiya, ya ɗaga hoton wata mujalla. Ya ce duniyar Mars ce, Turawa suka aika kumbon da ba mutum a ciki ya ɗauko, har masana suka gano busassun hanyoyin ruwa. Sai ga Baba an jawo shi daga rami, taɓo har wuya.

"Zo ka gani, Sarkin Rijiya," in ji malamin. "Mutane suna neman ruwa a sama, kai na ƙarƙashin ƙafarka ya gagare ka."

'Yan aji suka fashe da dariya. Baba ya karɓi hoton, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, sun samu?"

"Tukuna."

"Allah ya ba su sa'a. Aikin da wuya."

Malamin ya fizge hotonsa yana tsaki, don yatsan Baba ya bar shati a kai. Yana gogewa, abin yana ƙara damewa. Ni 'yar mai rijiya ce, na san busasshiyar ƙasa kakkaɓewa take yi. Wannan ɗanya ce.

Ranar da ruwa ya fito, bokitin malamin ne farko a layi.