Takalmin da Ba Shi da Lamba

Ka ce ƙarancin Turanci ne ya tare maka kasuwa a waya? To gyara zama ka ji misalin wani baduku.

Ubansa ya rasu wata Laraba da azahar, ya bar masa rumfa, da basilla, da wuƙar yankan fata wadda ƙotarta ta lotsa daidai inda babban yatsan tsohon ke zama. Shi kuwa a aji uku na sakandare karatunsa ya tsaya. Bayan sadakar arba'in sai rumfar ta yi tsit. Mutane su leƙo, su ga ba tsohon, su yi gaisuwa su wuce. Har shugabannin kasuwa suka aiko cewa in ba zai iya riƙe wurin ba, akwai mai sayar da caja da ke so. Ana cikin haka sai ga ɗan baffansa, wanda ya gama jami'a yana koya wa 'yan kasuwa talla a waya. Ya zauna a bakin benci, ya tattare riga kada ta taɓa rini, ya shiga darasi: a rubuta da Turanci, don mai kuɗi da Turanci yake saye, a fara jimla da babban baƙi, a rufe da aya, a sa hoto sau uku a rana, takalmi kuma a ba shi lamba kamar na kanti. Hotunan da badukun ya ɗauka ya ce sun yi duhu, ga hannu baƙi ƙirin a ciki. Sai ya kwaso masa wasu daga intanet, takalma masu sheƙi a kan wani farin tebur da rumfar ba ta taɓa gani ba. Badukun ya bi, don mai makoki duk hannun da aka miƙa masa kamawa yake yi. Yabo ya yi ta zuwa kamar yayyafin da ba ya jiƙa ƙasa. 'Yan kaɗan da suka saya kuwa suka dawo da kaya: wannan ya ce ba shi ne na hoton ba, wancan ya ce ya matse shi.

Ran nan wani tsohon direban tirela ya shigo yana ɗingishi, ya dire takalmi a gabansa. 'Yarsa ce ta saya masa ta waya, lamba arba'in da uku. Ya ce, "Ɗan marigayi, shekara ashirin ubanka na yi mini takalmi, bai taɓa tambayata lamba ba. Ƙafar hagun nan, tun da taya ta taka ta, ba ta san lissafi ba. Kai kuma ka zo mana da Turanci." Badukun ya juya ya jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin benci, wanda ya kasa buɗewa tun ranar jana'iza. Al'adar tsohon ita ce, duk wanda ya zo, attajiri ne ko ɗan dako, sai ya cire takalmi ya taka takardar buhun siminti, shi kuma ya durƙusa ya zagaye ƙafar da fensir, ya sa alama inda kanta take da inda yatsa ya karkace, ya rubuta sunan mutum da ajami. Akwatin cike yake da ƙafafu. Na rayayyu da na matattu, a jere, suna ƙanshin fata da hannun tsohon. Can ƙasa ya sami ta direban, hagun ta baje kamar ganyen gwanda. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauki wuƙa, ya sa yatsansa a gurbin na ubansa.

Bayan kwana uku direban ya fita da sabon takalmi yana taku kamar ango. A ranar badukun ya goge hotunan aro kaf. Ya baje takardun simintin a ƙasa, ya ɗauke su hoto da baƙin hannunsa a ciki, ya rubuta da Hausa: mai son takalmi ya taka takarda, ya zagaye ƙafarsa, ya ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girmanta, ya turo hoto. Ɗan baffan ya bugo waya yana faɗa, wai ya mai da su ƙauyawa, wa zai sayi kaya a kan buhun siminti? Badukun ya ce, "Yaya, babban baƙinka na riƙe, ayarka ma na riƙe, na gode. Amma ƙafa ba ta jin Turanci. In rumfar nan za ta tafi, ta tafi da aikin Baba a cikinta, ba da hoton wani ba."

Ba ta tafi ba. Ƙafafu suka fara shigowa ta waya, daga Jos, daga Maraɗi, kowace da kwalin ashanarta a gefe. Har wata ma'aikaciyar jinya a Legas, wadda ba ta jin ko sannu, ta kai wa mai shayin layinsu ya karanta mata, ta turo tata. Kowace ta zo, badukun ya sake zana ta a takardar siminti, ya rubuta suna, ya ɗora a kan na ubansa. Mai caja ya nemi wani wurin.

Don haka ka koyi Turancinka in ka samu, ba laifi ba ne. Amma abin da za ka nuna wa duniya ya zama naka ne, don Hausawa sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara.