Wasan Buroshi

Malam Kabo yakan sa yara su tuɓe riguna kafin su taɓa fenti, wai kada su ɓata su. Turawa ne suka turo shi Kusada da akwatin launuka, ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana koyar da zane kyauta. Mutanen da ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo yin allura, su ne yanzu ke kawo su da kansu.

Zinariya, 'yar Iyatu mai fura, ta fi kowa hannu. In ta zana zabuwa sai ka ce za ta tashi. Amma malam bai cika kallon takardarta ba.

Ya fi son wani wasa da ake yi kafin a tashi. Yaro ya rufe ido, malam ya shafa masa busasshen buroshi a baya, shi kuma ya nuna wurin. Zinariya da shegen jin cakulkuli, buroshi na sauka kan kyasbin bayanta sai dariya. Ma'u kuwa, 'yar maƙwabta, wadda ko ƙwai ba ta iya zanawa, tsayawa take ƙiƙam kamar turmi. Ita aka ba sukari, aka ce da ita za a tafi birni ranar Laraba.

Abin ya ci Iyatu ƙwarai. Ta yi kwana biyu tana leƙe ta bayan zana, ta yanke wa kanta cewa dauriya malam yake nema, ba zane ba.

"Ke, da mi Ma'u ta fi ki? Juyo bayanki."

Ta fara da gashin kaza. Yarinya na motsawa, sai tsumagiya. Daga nan aka koma ƙaya. Zinariya ta yi kuka har kukan ya ƙare.

Ranar Talata malam ya shafa wa Zinariya buroshi, shiru. Ya sake, shiru. Ya zaro allura daga hularsa ya ɗan soka a tsakiyar kyasbin, ko gezau. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa mata sukari, ya ce ita ma da ita za a tafi.

Laraba babbar mota ta zo. Iyatu ta yi wa 'yarta kitso da lalle, ta yi ta rangaɗa guɗa har suka ɓace a hanyar Kankiya.

Can gaba direba ya tambaya wace makaranta za su.

"Makaranta? Ni malamin asibiti ne," in ji Kabo. "Sansanin kutare za ka kai mu. Su biyun nan fatarsu ta mutu, ko allura ba su ji."