Ba Ranar Awon Umma Ba Ce

Ina 'yar shekara tara muka hau keke mai ƙafa uku daga Ƙofar Ran zuwa asibiti, ni da Umma, ana idar da azahar. Cikinta wata takwas. Shekara guda kafin nan ta haifi namiji babu rai, shi ya sa da ta ji tun safe ɗan cikin bai motsa ba, ko tukunya ba ta tsaya saukewa ba.

Nas ɗin da ke kan tebur ta juya katin awo ta ce, "Hajiya, Talata ce ranarki. Yau Alhamis."

"Na sani, Sista. Bai motsa ba ne. Haka wancan ya yi min."

"Wane wancan?"

Yana nan a rubuce cikin katin da ke hannunta. Amma sai da Umma ta maimaita labarin a gaban mata cike da benci.

Nas ta ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Zauna, sai an gama da masu layi."

Muka zauna har la'asar. Umma ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, tana ta tambayata, "Kin ji wani abu?" Ban ji komai ba. Na ce mata na ji.

Da aka shiga da ita, ko minti biyu ba a yi ba aka jiyo bugun zuciyar. Ƙanwata ce, yanzu tana karatun jami'a a Gubi. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Saboda aikin minti biyu aka bar ni na yi wa mahaifiyata ƙarya.