Maginin da Ya Haye Teku

Zauna nan, Irmiya. Tun da ka dawo hutu nake ganin kanka a sunkuye, wai kun shekara uku a ƙasar da aka tura ku, ko ɗakin sujada ba ku gama ba. Bari in ba ka misalin wani magini.

Ikilisiyarsu ce ta aike shi da matarsa, wadda take ungozoma, wani tsibiri a hayin teku, su kafa majami'a da ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma a garinsu ba a taɓa jin katangar da ya ɗora ta tsage ba. Da suka sauka, sarkin wurin ya ce ya zaɓi fili. Ya zaɓi wani shimfiɗaɗɗen wuri dab da bakin ruwa, don masu kwalekwale su riƙa hango gicciye tun daga nesa. Mutanen gari suka dubi juna suka yi shiru, domin a al'adarsu ba a yi wa baƙo gyara sai ya tambaya. Shi kuwa bai tambaya ba, harshensu ma bai zauna a bakinsa ba tukuna. Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali irin na gida, cikin wata biyar gini ya kai linta. Ya aika hoto gida, aka yi ta waƙar godiya. Sai damina ta sauka, irin wadda bai taɓa gani ba, kwana goma sha ɗaya ba a ga rana ba. Teku ta tumbatsa ta shigo fili, tubali ya koma laka. Da ruwa ya ɗauke sai maginin ya sake ɗaura ɗamara a filin nan, wannan karon da bulo da kwano. Ya rufa, ya sa ƙofa, matarsa ta buɗe ɗaki guda, mata masu ciki suka fara zuwa awo. Ashe iskar wurin gishiri gare ta, tana cin ƙusa a hankali. Ranar da guguwa ta taso daga teku, sai ta yaye kwanon nan kamar ana yaye tabarma, ta watsa shi cikin gonakin mutane. A makon nan matarsa ta kwanta zazzaɓi, ga kuma wasiƙa daga gida: dattawa sun ce in abin ya faskara su tattaro su dawo, ba wanda zai ga laifinsu.

Da hantsi yana zaune kan tarin bulo da wasiƙar a hannu, hawaye na zuba, sai ga wani tsoho mai sassaƙa kwalekwale, wanda matar maginin ta karɓi haihuwar jikarsa. Tsohon ya tsuguna kusa da shi. Can magini ya haɗa 'yan kalmomin da ya iya, ya ce, "Baba, in kai ne, a ina za ka yi ginin nan?" Tsohon ya ce, "Shekara biyu muna jiran ka yi wannan tambaya." Ya ja shi suka hau tudu, bayan wani kurmin kwakwa inda iska ke karyewa kafin ta iso. Ya nuna masa icen da gara ba ta ci, da yadda ake ɗaure azara da igiyar ɓawon kwakwa maimakon ƙusa, da yadda ake sunkuyar da rufi don guguwa ta bi ta kansa ta wuce. Abin bai zo wa magini da sauƙi ba. Mutumin da ya yaye almajiran gini sun fi ashirin, ga shi da furfura ana kwance masa ƙulli ana cewa ya sake. Ya haɗiye girman kai, ya sake. Ya rubuta gida ya roƙi a ƙara musu shekara guda. Da mutanen gari suka ga haka sai suka fito, har da waɗanda ba su karɓi bangaskiyarsa ba, domin ɗakin maganin na kowa ne. Maza na sara, mata na tufka igiya, matarsa da ta fara samun sauƙi tana zaune a inuwa tana koyon tufkar. Majami'ar da suka tayar ƙarama ce, ba a hango ta daga teku, makarantar kuwa har ƙarfinsa ya ƙare bai kai ga gina ta ba, sai waɗanda suka yi aiki tare da shi ne suka gina daga baya. Amma guguwa ta zo ta wuce sau da yawa, rufin yana nan, ana sujada a ƙarƙashinsa, ana haihuwa a ɗakin da ke gefensa.

To, Irmiya, ban ce ka yi lalaci ba, na san ka yi gumi. In ka koma, kafin ka sake ɗora bulo ko ɗaya, nemi tsofaffin wurin ka zauna a gabansu. Hausawa sun ce, da ɗan gari akan ci gari.