Inna Reshe Biyu

To, ku matso ku ji. A zamanin nan da ke tafe, idan mutum ya rasu akan ajiye muryarsa da tunaninsa a ɗan akwati, iyali su ci gaba da hira da shi. Da Inna Kyauta ta rasu, sai 'ya'yanta suka raba ta reshe biyu, kowa da akwatinsa. Sallau ya tafi da tasa Funtuwa, ƙanwarsa Barmani ta riƙe tata a gida. Ana haka doka ta fito: mamaci ɗaya, akwati ɗaya. Dole a haɗe.

A ofishin haɗewa, ma'aikaciyar ta duba allo ta ce, "Malam, rassan sun yi karo a wuri ɗaya. A naka tana sa maka albarka. A na ƙanwarka kuwa cewa ta yi ba ta yafe maka ba. Wanne za a bari?"

Sallau ya juya ga Barmani. "Ke kika gaya mata na sayar da gonarta?"

"Tambayata ta yi, Yaya. In yi wa uwata ƙarya?"

"A bar nawa," in ji shi.

"An bari. Amma fa mu nan ba ma goge ɗaya reshen, rufe shi kawai muke yi."

Ya rungumo akwatin har gida, ya kunna.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Inna, da muryar nan tata mai sanyi.

Ya sauke ajiyar zuciya. Can sai ta ce, "Sallau, wa ya sa ni faɗin haka?"