Gyaran Muryar Baba

Darakta ya tsayar da fim ɗin, ya juyo da kujerarsa yana murmushi, yana jiran yabo. Ita kuwa budurwar tasa ko motsi ba ta yi ba.

Sabon fim ɗinsa ne a kan tsadar rayuwa, labarin wani mai shago da ke ɓoye buhunan abinci sai farashi ya tashi.

"Ke na fara nuna wa," ya ce. "Yana fitowa zan turo manyana gidanku."

"Mai shagon nan," ta ce a hankali, "me ya sa yake gyaran murya kafin ya faɗi farashi?"

Ya sosa ƙeya. "Salo ne kawai."

"Ɗingishin fa? Da biron da ya maƙale a bayan kunne?"

Ta tuna zamansa a shagon Babanta da sunan jiranta, Baba na miƙa masa ruwan sanyi yana kiransa "ɗana". Ashe kwaikwayonsa yake ɗauka!

"Babana bai taɓa ɓoye ko gwangwani ɗaya ba! Kuma duk layinmu za su gane shi."

"Na sani, amma an riga an gama haɗawa…"

Ta miƙe ta saɓa jakarta.

"To, turo manyan naka. Amma ka zo da fim ɗin, ka zauna kusa da Baba ku kalla tare. Idan ka iya haɗa ido da shi bayan an gama, na yarda zan aure ka."

Har ta kai bakin ƙofa bai ɗago kai ba.