Safa Mai Jan Zare

Ranar da aka binne mijina da ganga da tuta, kamar yadda garinmu ke yi wa tsofaffin da suka yaƙi sojojin Ingila, ban tsaya karɓar gaisuwa ba. Na ɗauko wata tsohuwar safa daga ƙasan akwatinsa, na tsallaka gidan maƙwabciyata.

Duk matan garin nan mun saƙa wa mayaƙa safa, kuma kowace an san hannunta. Jan zare a diddige aikin maƙwabciyata ne, da safar nan kuma mijina ya dawo daga yaƙi. Shekara arba'in yana faskara mata itace kafin ya taɓa namu, ni kuwa ina zaune bayanta a majami'a, ina roƙon Ubangiji ya yafe mini abin da nake yi mata fata.

Na ajiye mata safar a cinya.

"Ga kayanki, baiwar Allah. Mai ajiyar ya tafi, sai ki nemi wani mai gatarin."

"Haba maƙwabciya, ko yau bakin nan ba zai huta ba?" in ji ta, tana laluben tabarau.

Ta juya diddigen, ta daɗe tana shafa jan zaren.

"Autana na saƙa wa wannan," ta ce a hankali. "Mijinki ya rantse mini da safarsa a ƙafa suka binne shi cikin ƙanƙara. Shekara arba'in da wannan maganar nake samun barci, cewa yarona bai tafi da sanyi ba."